Ciwon suga ba ya sallama kafin ya shiga ido

'Yan uwa, ina zaune a Ingila ina gani garau, ko tabarau ba na sawa, sai ga takarda wai in je a ɗauki hoton bayan idona. Ashe a nan duk mai ciwon suga da ya kai shekara 12, ma'aikatan lafiya ke nemansa don a duba masa ido, ba shi ke nemansu ba.

Aka ɗiga min magani, ƙwayar ido ta buɗe, aka ɗauki hoto. Bayan 'yan makonni likita ta juyo min da allon kwamfuta, ta nuna min wasu siraran jijiyoyin jini da suka tsiro a bayan idon dama kamar saiwar ciyawa. Ta ce suga ya toshe na asali, ido ya fitar da sababbi marasa ƙwari, kuma ranar da suka fashe jini zai rufe gani. Jikina ya yi sanyi.

Ta ce sai an yi min aikin leza, wato ƙona wuri da haske mai ƙarfi. Leza iri biyu ce. Wadda aka yi min, ana ƙona gefe-gefen bayan idon ɗigo-ɗigo, sama da 1,000, a bar tsakiya, don jijiyoyin su janye. Ɗayar kuma inda ruwa ke yoyo kusa da tsakiyar gani ake aunawa. Idan kumburi ya taɓa tsakiyar, yanzu allura a cikin ido suka fi yi, irin su Eylea da Lucentis, kuma sai an yi ta maimaitawa.

Aikin babu daɗi. Haɓa a kan ƙarfe, gilashi manne a ido, koren haske na ta walƙiya, wani ɗigon har cikin ƙeya nake jin sa. Na fito ina lalube, babu mai riƙe min hannu, na tuna yadda a gida 'yan rakiya sai sun cika mota. Ganina na dare ya ragu, gefen ido ma haka. Dama likita ta faɗa tun farko: leza tsare abin da ya rage take yi, ba ta dawo da wanda ya tafi.

A nan ne raina ke ɓaci da halinmu. Mutum ya shekara 10 yana shan maganin suga, ba a taɓa leƙa bayan idonsa ba. Gani na dusashewa sai ya sayi tabarau, ya ce tsufa ne. Haka Kawu ya yi har ta kai ana ja masa sanda. Yaya, don Allah ka kai Inna wajen likitan ido cikin watan nan, a ɗiga mata magani a duba bayan idon, ko da ta rantse tana zura zare a allura.