Shagon ramen ko gidan abincin haɗe-haɗe: amsa ga ƙanenmu mai tafiya Tokiyo

Ƙanena, ka ce aiki zai kai ka Tokiyo na kwana biyar, kuma masu masaukinka sun ba ka zaɓin inda za a ci abincin dare: ko shagon ramen, ko irin gidan abincin nan da ake kira Asian fusion, mai haɗa girke-girken ƙasashen Asiya wuri guda. Ka ce saninka da ramen bai wuce Indomie ba, kuma damuwarka ita ce halal. Na zauna a garin, na ci a wuraren biyu, ga abin da na gani.

Indomie da ramen 'yan uwa ne, amma na nesa. Taliyar leda wani haifaffen Taiwan mazaunin Japan ne ya ƙirƙiro ta, Momofuku Ando, a 1958, daga baya kamfanonin wasu ƙasashe suka ɗauka, ciki har da na Indunusiya da ya kawo mana Indomie. Ramen na shago kuwa ya girme ta nesa ba kusa ba. Daga Sinawa Japanawa suka koya, kuma shagon da aka fi ambata a matsayin na farko, Rairaiken, an buɗe shi ne a unguwar Asakusa a 1910, masu girkinsa Sinawa ne. Taliyarsa ɗanya ce, ana kwaɓa fulawar da wani ruwa da suke kira kansui, wanda aikinsa kusan na kanwarmu ne: shi ke sa ta yi ɗorawa-ɗorawa, ta yi danƙo a baki.

Shagon ramen ka ɗauke shi kamar teburin mai shayi da aka gyara aka tsaftace. Sau da yawa kujerun ba su wuce goma zuwa goma sha biyar ba, a jere gaban kanta, mai girki na tsaye a gabanka cikin tururi. Tun a bakin ƙofa akwai na'ura: ka zura kuɗi, ka danna abin da kake so, ta fito maka da tikiti, ka miƙa. Kafin ka gama gyara zama kwano ya iso. Ba a hira. Kowa ya sunkuya yana zuƙar taliya da ƙara, kuma a wurinsu wannan zuƙar ba rashin ladabi ba ce, ita ke huce zafin ta fito da ƙamshin. Cikin minti goma sha biyar ka tashi, don taliyar tana saki idan ta daɗe a romo, kuma akwai mutane a layi a waje suna jiran kujerarka. Kuɗin kwano ya daɗe yana kewaya yen dubu (yen shi ne kuɗin Japan), har Japanawa suna da magana a kan "bangon yen dubu" da masu shago ke tsoron tsallakewa. Ba a ba wa ma'aikaci tukuici, a nan ko a ko'ina cikin ƙasar.

Gidan haɗe-haɗe kuwa na zama ne. Ana kama tebur tun da rana, a kawo takardar abinci mai shafuka, a yi ta kawo ƙananan faranti ana ɗiba tare har awa biyu: soyayyar shinkafar Indunusiya, taliyar Tailan da jatan lande, miyar kwakwa mai yaji, kifi, ganyayyaki. Salon ma ba a Japan ya yi ƙarfi ba, a Amurka da Ingila ne. Nobu Matsuhisa, wani mai girki Bajapane, ya zauna a Peru ya gauraya girkin can da na gida, ya buɗe gidan abinci mai suna Nobu a New York a 1994. Wagamama, wani gidan abincin mai rassa da yawa, ta fara a Landan a 1992. Idan mai girkin gwani ne za ka ji daɗi sosai. Idan ba gwani ba ne sai ya zama gamin gambiza, komai ɗanɗano ɗaya, zaƙi-zaƙi da gishiri. Kuɗinsa kan ninka na ramen sau uku ko fiye, musamman da dare.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka karanta a hankali, maganar romo.

Ran ramen yana cikin romonsa, kuma a yawancin shaguna romon nan na ƙashin alade ne. Wanda ake kira tonkotsu, na yankin Fukuoka, sunan ma ma'anarsa ƙashin alade. Ana tafasa shi awanni masu yawa har ɓargo da kitse su narke ruwan ya yi fari kamar madara, kamar yadda romon ƙafar saniya ke yin kauri in ya kwana a wuta. Wannan a fili yake, kowa zai gane ya kauce. Wanda ke rutsawa da mutanenmu shi ne sauran ukun. Shoyu na Tokiyo romonsa garai-garai ne, ruwan ƙasa, sai ka rantse na kaza ne, alhali galibi an haɗa ƙashin kaza da na alade a tukunya ɗaya. Shio, mai gishiri, wanda garin Hakodate ya shahara da shi, haka nan. Miso na Sapporo, mai ɗanɗano kusa da daddawarmu domin waken soya ne da aka tsima, akan soya kayansa da kitsen alade kafin a zuba romo. Yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, na alade ne in ba an rubuta akasin haka ba. Hatta dafaffen ƙwan da ke gefe yakan kwana cikin ruwan da aka sa wa mirin, wata giyar girki mai zaƙi wadda ta ainihi barasarta ta kai kashi 14 cikin ɗari.

Saboda haka cewa "a cire mini naman" ba ya maganin komai. Tukunya ɗaya ce tun asuba, daga ita ake zuba wa kowa. A makonnina na farko na shiga wani ɗan shago na sayi tikitin shoyu, sai zuciyata ta ƙi kwanciya, na nuna wa mai girkin kalmar 豚 a waya, wato alade, na nuna tukunyar. Dattijon ya gicciya hannayensa biyu a ƙirji, alamar a'a ke nan a wurinsu, wato kada in ci, ya buɗe aljihun tebur ya maido mini kuɗina yana ta sunkuyawa yana ba ni haƙuri. Har yau ina ganin girmansa. Wannan ita ce falalar shagon ramen: tambaya ɗaya ce, amsa ɗaya, ko ka zauna ko ka wuce.

A gidan haɗe-haɗe tambayoyin ne ke da yawa, amma ƙofofin ma da yawa. Kowane faranti daban ake dafa shi, don haka za ka iya tsayawa a kan kifi, jatan lande, tofu (awara) da ganye ka ƙoshi. Sai dai abin yana ɓuya a cikin mahaɗi. Teriyaki, mahaɗin nan mai zaƙi da ake shafa wa nama ko kifi, da mirin da sake (giyar shinkafa) ake yin sa. Kifin nan da ake jiƙawa a miso, wanda Nobu ya yi suna da shi, da su ake kwaɓa shi. Gyoza, 'yan ƙullin fulawar nan masu kama da samosa, cikinsu niƙaƙƙen alade ne a mafi yawan wurare. Soyayyar shinkafa ma a tambaya ko an yanka naman alade a ciki. Kaza da saniya kuwa ka san ba yankan Musulmi ba ne sai in an faɗa. Batun ɗan abin da ke samuwa na barasa a ruwan waken soya lokacin tsimawa, malamai sun yi magana a kai ta fuskoki daban-daban, wannan ka ji ta bakin malaminka kafin ka tashi. Sannan za a sha giya a teburin, za a ɗaga kofi a ce kampai. Ka ce a kawo maka shayin oolong mai sanyi. Japanawa da yawa da ba sa sha shi suke riƙewa, babu mai yi maka wani kallo.

To wanne? Daren da za ku fita da masu masaukinka, ka zaɓi gidan haɗe-haɗe. Mutum shida ba za su sami wuri a jere a shagon ramen ba, kuma maganar da ta kai ka ba za ta yiwu cikin minti goma sha biyar ba. Ka sanar da su tun yau abin da ba ka ci, a rubuce, domin Bajapane ya fi son ya shirya tun da wuri da a ce ya ji kunya a gaban baƙo. Za su kira gidan su tambaya a madadinka.

Amma don Allah kada ka dawo ba ka ci ramen ba. Abincin haɗe-haɗe za ka same shi a Dubai, a Landan, har Abuja da Legas. Kwanon da mutum ɗaya ya shekara ashirin yana gyara romonsa, wannan sai can. Akwai shagunan halal a Tokiyo, musamman wajen Asakusa da Shinjuku, kuma wasu daga cikinsu tori paitan suke yi, romon kaza da aka dafa har ya yi fari ya yi kauri. Ka duba takardar shaidar halal a bango, domin "babu alade" kawai ba ta nufin an yi yanka ko an bar mirin. Idan Juma'a ta riske ka, je Tokyo Camii, babban masallacin da Turkawa ke kula da shi a Yoyogi-Uehara. 'Yan Indunusiya da Malesiya da za ka tarar a sahu sun san wane shago ne ke buɗe a wannan watan. Ka tafi kai kaɗai, bayan ƙarfe biyu lokacin da layi ya ragu, kuma ka riƙe takardun yen dubu-dubu a aljihu, don yawancin na'urorin nan na bakin ƙofa tsabar kuɗi suke karɓa.