Hoton matsarmama a Jamus da na gida

Yaya, gaisuwa mai yawa daga Hambug. Ka ce in bincika ko Turawa na da na'urar da za ta faɗi irin tsakuwar da aka gani a matsarmamar yaron nan, kafin ku kashe kuɗi a maganin narkarwa.

Injin sikanin, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi, iri ɗaya ne dai da na Kano. Bambancin a hanyar kaiwa gare shi yake. A gida ka shiga wurin hoto, ka biya, kafin la'asar takarda na hannunka. Nan sai likita ya ga dalili. Ba a karɓar ko sisi a wurin, katin inshora kawai ake miƙawa, amma an riga an yanke daga albashi: kashi 14.6 cikin 100, rabi kai rabi mai aikinka, ban da ɗan ƙari. Abin da ya burge ni, likitan unguwa da yawa suna da injin a ɗakinsu. Da aka duba maƙwabcina na raka shi. An hana shi abinci tun dare, don matsarmamar ta cika. Likitan ya shafa masa man nan mai sanyi, ya ce ya ja numfashi ya riƙe, sai ga wani farin ɗigo da baƙar inuwa a ƙarƙashinsa. Ya ce ya juya gefen hagu, ɗigon ya gangara. Shi ke nan, tsakuwa ce.

Ganin tsakuwa kam sikanin ya gwanance, ya fi hoton ƙirji nesa, domin shi wancan kaɗan yake nunawa. Amma da me aka yi ta, nan sai hasashe. Ƙanana masu yawo a saman ruwa sukan zama na kolastarol, sitiskan kuma, wato babban injin hoton da ake tura mutum ciki a kwance, ya fi nuna ko akwai kalshiyam. Tabbas sai an ciro ta.

A Turai yawancin tsakuwar ta kolastarol ce, kuma irin wannan tsakuwar ce kaɗai ƙwayar ursodiyol ke iya narkarwa, in ƙarama ce. Ko ita sai an yi watanni, wani lokaci shekara biyu, kuma takan dawo. Yaronka sikila gare shi. Jininsa na saurin fashewa, abin da ya fashe ya taru ya zama baƙar tsakuwa, wadda ƙwayar ba ta taɓawa. Masu jiƙo a kasuwa ba za su gaya maka haka ba.

Nan in tana ciwo cire matsarmamar ake yi gaba ɗaya ta 'yan ƙananan huji, aikin da Erich Mühe ya fara a ƙasar nan a 1985. Ku kai takardar wurin likitansa na sikila ya haɗa ku da na tiyata. In zazzaɓi ya haɗu da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko idonsa ya fi yadda kuka saba rawaya, kada ku kwana a gida.