Shuɗin popi na Himalaya: tsakanin baileyi da Lingholm, wanne za a dasa?

Hajiya, kin ce kin ga iri biyu na shuɗin popi, wani fure na tsaunukan Himalaya, wurin masu sayar da tsirrai kusa da Glasgow, ɗaya an rubuta masa Meconopsis baileyi, ɗayan kuma Lingholm, kina so ki san wanda zai yi miki a bayan gida. Na shuka dukansu a nan Sukotlan, kuma in ɗaya za ki ɗauka, to ki ɗauki Lingholm.

Baileyi shi ne na daji. Wani hafsan sojan Birtaniya, Frederick Bailey, ya gan shi a kudu maso gabashin Tibet a 1913, sannan Frank Kingdon-Ward ya kawo irinsa Ingila a 1924. An daɗe ana kiransa betonicifolia, shi ya sa har yau za ki ga wannan sunan a jikin wasu fakitin iri. Furensa bai cika girma ba, amma kara ɗaya kan ɗauki furanni da dama, shuɗi garau kamar sama bayan an ɗauke ruwa, da rawaya a tsakiya. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba: in ya yi fure tun gindinsa bai yi ƙarfi ba, sai ya zuba duk ƙarfinsa a furen da 'ya'yan, ya mutu. Haka ta faru da ni. Guda uku na dasa, suka yi fure a watan Yuni, kullum da asuba sai na leƙa su, raɓa na kwance a kan gashin ganyen mai ruwan tsatsa. Da hunturu ya wuce na yi ta jiran tsiro, wurin ya zauna fayau. Maganin shi ne a shekarar farko ki tsinke karan furen tun bai buɗe ba, don gindin ya samu ya yi 'ya'ya a gefe. Wallahi abin da ciwo, mutum ya sa hannu ya cire furen da ya shekara yana jira, amma in ba haka ba da wuya ya kai baɗi.

Lingholm kuwa ɗan aure ne, jinin baileyi da wani ɗan'uwansa mai manyan furanni da ake kira grandis. Ya ɗauki sunan wani lambu kusa da garin Keswick a arewacin Ingila. Yawancin irin waɗannan 'ya'yan aure ba sa ba da iri mai tsirowa, sai dai a raba gindi, amma shi yana bayarwa. Furensa ya fi faɗi, ya kai tafin hannu, shuɗin ya fi zurfi, kuma yana dawowa shekara bayan shekara, gindin na ƙara cika. Bayan shekara uku ko huɗu sai ki tone shi a farkon bazarar nan, wato da hunturu ya wuce, ko ƙarshen Agusta, ki raba da hannu a hankali, ki samu na kyauta ki ba maƙwabta.

A wajen kulawa ba su da wani bambanci. Kakanninsu a tsaunuka suke, sama da mita 3,000, inda damina ke da sanyi da hazo, hunturu kuma ƙanƙara ta lulluɓe su. Don haka suna son inuwa mai ratsin rana, wurin da iska ba ta kaɗawa da ƙarfi, da ƙasa mai ɗan tsami wadda aka cika da ruɓaɓɓen ganye. Kada ta bushe lokacin zafi, kada kuma ruwa ya kwanta a gindin lokacin sanyi, nan take yake ruɓewa. In ƙasar mai alli ce, shuɗin kan juya ya yi shunayya-shunayya. Ki kuma sa ido a kan dodon koɗi da 'yan'uwansa marasa ƙoƙo a watan Maris da Afrilu, dare ɗaya sukan cinye sabon tsiro ƙarƙaf.

In daga iri za ki fara, sabo kawai. Ki barbaɗa a saman ƙasa cikin kasko tsakanin Disamba da Fabrairu, kada ki binne, haske yake so, ki ajiye a waje cikin sanyi, ba kusa da hita ba.

Batun aika wa ƙanwarki iri zuwa Kano kuwa, ki bar kuɗinki. Ko a kudancin Ingila wahala yake sha saboda zafi da bushewar iska, balle zafin Afrilu na gida. Kafin ki saya ma, ki daure ki je lambun Branklyn da ke Perth a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, ki ga yadda suka jera su a ƙarƙashin bishiyoyi, sai ki dawo ki duba wane lungu na gidanki ya yi kama da wurin.