Neman takardun kwangila a sakatariyar ƙaramar hukumarmu: rajista ta yi ƙoƙari, sama ce ta gaza

Mutane suna rubuta sharhi a kan gidan abinci da shagon waya, su ce wane ya iya tsire, wane cajarsa ba ta ƙarko. Ni ofis zan yi wa sharhi, domin shi ma hidima yake yi wa jama'a, kuma da kuɗin jama'a ake biyan masu yin ta. Ofishin shi ne sakatariyar ƙaramar hukumarmu, hidimar kuwa ita ce ba wa ɗan ƙasa takardar gwamnati idan ya nema. Sunan garin zan bar shi, saboda wasu daga cikin ma'aikatan ni na koyar da su a firamare, kuma tsarin da suka tarar suke bi.

A unguwarmu an haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, aka kafa allo da sunan ƙaramar hukuma. Ta ba da ruwa damina ɗaya ta tsaya cik, mata da yara suka koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Da yake ni ne sakataren ƙungiyar unguwa, sai aka ɗora mini in gano wa aka ba aikin, nawa aka biya shi, kuma ko akwai sharaɗin gyara a yarjejeniyar. Takardu uku na nema a rubuce: takardar bayar da kwangila, takardar shaidar kammala aiki, da baucan biyan kuɗi.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubutawa shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Dokar ta ce duk wanda ya nemi bayani daga hukumar gwamnati a ba shi cikin kwana 7, idan takardun suna da yawa a ƙara wasu 7 amma a sanar da shi a rubuce. Ta ce ba sai ka faɗi dalilinka na nema ba. Ta ce kuɗin da za a karɓa a hannunka na kwafe takarda ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba ma tana tare da shi, yana iya aiko wani a madadinsa, ko ya faɗa da baki jami'i ya rubuta masa. Da wannan ma'aunin na auna su, don kada a ce son raina na bi.

Rajista, wato ɗakin da ake karɓar wasiƙu a shigar da su a littafi, ita ce ta fi kowane sashe kyautatawa, kuma ita ce mafi talauci a ginin. Ɗaki ne ɗaya, fanka ba ta juyawa, fayil-fayil ɗaure da igiya an jibga su har saman kabad, waɗanda ke ƙasa gara ta fara ɗanɗana musu. Akawun da ke wurin dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya karanta wasiƙata har ƙarshe yana motsa leɓe, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, ƙorafi ne ko neman aiki?" Na ce masa ko ɗaya, takarda nake nema. Ya yi jim, ya ce tun da ya kama aiki takardun da ake zuwa nema a wajensa ba su wuce na shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma da na fili ba. Duk da haka ya buɗe babban littafinsa ya shigar da wasiƙar, ya hura wa tambarinsa iska da yake tawadar ta riga ta bushe, ya buga a kan kwafina, ya rubuta kwanan wata ya sa hannu. Bai nemi ko sisi ba. Da na miƙa masa na goro ya ce in bari sai aiki ya yi kyau.

Wannan tambarin shi ne duk jarin mai nema. Daga ranar da aka buga shi kwana bakwai ɗin suke fara ƙirguwa, kuma shi za ka nuna wa alƙali idan abin ya kai can. Duk wanda ya miƙa wasiƙa ya fito ba kwafi mai tambari a aljihunsa, a wajen hukuma bai taɓa zuwa ba.

Daga rajista wasiƙa ta hau sama, kuma a nan hidimar ta fara tangaɗi. Daraktan ma'aikata, wanda kowa ke kira DPM, ya karɓe ni da fara'a, har da ruwan leda. Tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ya turo ka?" Ta biyu, "Wace jam'iyya kake?" Na ce, "Yallaɓai, unguwa ce ta turo ni, kuma ruwa muke nema." Ya yi dariya ya ce ai wannan doka ta Abuja ce, jiharmu ba ta yi tata ba.

A da wannan amsar tana da makama. Jihohi da yawa sun daɗe suna fakewa da ita, sai ɗaiɗaiku irin Ekiti da suka yi tasu dokar. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Benin ta goyi bayan wannan fahimtar, a shari'ar da wasu 'yan ƙungiyoyi suka shigar a kan hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta Jihar Edo bayan ta hana su bayanan kuɗinta. Amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta soke wancan hukunci, ta ce dokar ta hau kan kowane mataki na gwamnati, har da jihohi. Na zo da labarin hukuncin a buge a takarda, na ajiye masa a tebur. Ya karanta, ya ce bai samu wata takardar umarni daga ma'aikatar ƙananan hukumomi a kan haka ba. Na gaskata shi. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ya fi jin tsoron takardar tuhuma daga babban birnin jiha a kan hukuncin alƙalan da bai taɓa gani ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa wannan doka. Babu jami'in da aka ware don irin wannan buƙata, babu fom, babu ko sanarwa a bango, alhali dokar ta ce kowace hukuma ta bayyana wanda za a riƙa aika wa da buƙatun.

Sai aka shiga je ka ka dawo. Ciyaman ya tafi taro. Ciyaman ya dawo amma yana ganawa da kansiloli. Fayil yana wajen ma'aji. Ma'aji ya tafi da mabuɗi. Wanda ya san sakatariyar ƙaramin gari ya san cewa ba kullum take da rai ba: tana cika ne idan ciyaman yana gari ko albashi ya kusa, sauran ranaku kuwa sai masinja da awaki a inuwar darbejiya. Wa'adin doka ya wuce, ba a ba ni takarda ba, ba a kuma rubuto mini cewa an hana ni ba. A dokance shirun da ya wuce wa'adi hani ne, kuma daga nan mutum yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 500,000 ce, wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara ɗaya ne. Duk wannan yana da daɗin karantawa. Amma Babbar Kotu tana nesa da mu, lauya ba ya aikin lada, kuma ƙungiyar da take tara ɗari bibbiyu a wata ba ta da kuɗin shari'a.

Akwai kuma abin da doka ba ta hango ba, wato ƙanƙantar gari. A Abuja mai nema lamba ce a littafi. A nan kuwa kafin in iso gida labari ya riga ni. Wani ƙanin surukina ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce, "Yaya, me ya haɗa ka da ciyaman?" Mai unguwa ya aiko a ce in bi a hankali. Ba wanda ya yi mini barazana, gaskiya, amma kowa yana son ka san cewa an gan ka. Ina ganin wannan ne ya sa mutane da yawa suke gunaguni a majalisar mai shayi su ƙi rubuta ko layi ɗaya.

Abin da ya motsa fayil ɗin wasiƙar tuni ce. Na rubuta ta a taƙaice, na manna hoton kwafin nan mai tambari, na ambaci wa'adin da ya wuce, na nuna a ƙasa cewa an aika kwafi ga ofishin mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi na jiha. Ban zagi kowa ba, ban ce an ci kuɗi ba, don ban sani ba. Ba a jima ba shugaban sashen ayyuka ya aiko yaro ya kira ni.

Shi wannan injiniyan ya cancanci yabo. Ya fito da fayil ɗin da kansa, ya buɗe a gabana, ya nuna mini takardar bayar da kwangila da ta shaidar kammala aiki. Injin kwafe takarda na ofis ya daɗe da mutuwa, sai ya haɗa ni da masinja muka tsallaka titi zuwa shagon wani yaro mai janareta, masinjan yana rungume da fayil a ƙirji. Na biya kuɗin kowane shafi yadda kowa yake biya, na sa wa masinja na mashin. Injiniyan ya buga tambari a bayan kowane shafi. Shafi ɗaya ya cire, mai ɗauke da lambar asusun bankin ɗan kwangila, ya ce wannan bayanin mutum ne. Ban ja da shi ba, domin dokar ma ta kare bayanan da suka shafi sirrin mutum, kuma asusun wani ba shi zai gyara mana famfo ba.

Takardar kwangilar ta biya wahalar. A cikinta akwai sharaɗin cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wani lokaci bayan kammala aiki, idan wani abu ya lalace ya gyara kafin a sake masa. An kuma rubuta girman famfon da yawan faifan hasken ranar da zai saka. Muka ɗauki takardar muka je gindin tankin muka ƙirga faifan da idonmu, mu da wani yaro mai gyaran sola. Adadin bai kai na takarda ba. Ga kuma takardar shaidar kammala aiki da sa hannu, ta ce an yi komai yadda aka tsara.

Baucan biya kuwa ban samu ba. Ma'aji ya ce kuɗin ba daga nan aka fitar ba, daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi aka biya, takardun suna can babban birni. Wannan ba baƙon zance ba ne ga duk wanda ya san yadda ake tafiyar da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Shi ya sa ma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Namu aikin an yi shi kafin hukuncin. Inda na ga laifin ma'aji shi ne, doka ta ce idan bayani yana hannun wata hukuma a tura mata buƙatar cikin kwana 3, kada ya wuce 7, a kuma sanar da mai nema a rubuce. Shi da baki ya faɗa mini, a tsaye a baranda, yana neman mabuɗin motarsa. Na roƙe shi ya rubuta mini ko layi biyu, ya ce in sha Allah.

Idan maki zan bayar, rajista da sashen ayyuka sun ci, ofishin darakta da na ma'aji sun faɗi, kuma saurin aiki gaba ɗaya bai kai rabin abin da doka ta tsara ba. Ladabi dai akwai shi a ko'ina, ba wanda ya ɗaga mini murya. Kuɗin da na kashe na mashin da kwafe takarda ne kawai.

Wanda zai je, ya rubuta sunan aikin da wurin da shekarar yadda suke a allon kwangila, ya lissafa takardun ɗaya bayan ɗaya, don idan ka ce "duk bayanan aikin" ka ba su hanyar cewa ba su gane ba. Ya yi wasiƙar da sunan ciyaman amma ya miƙa ta a rajista, ya tafi da kwafi biyu. Ya fi kyau a rubuta da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su sa hannu, don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya a gari. Kuma ya je da hantsi a farkon mako, kada ya kuskura ranar Juma'a.

Mu yanzu mun aika wa ma'aikatar ƙananan hukumomi wasiƙar neman baucan, mun haɗa da hoton faifan da muka ƙirga. Ɗan kwangilar kuma, da ya ji takardarsa tana hannunmu, ya aiko a gaya mana zai turo mai gyara ya duba famfon.