Wane Gishiri Ya Dace a Saya?

Gishirin girki, ko fari ne ko ja, sinadari ɗaya ne mai suna sodiyam kulorayid, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa sodiyam ne, wanda yawansa ke tayar da hawan jini. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana. Bambancin da ya kamata mai saye ya duba shi ne abin da aka ƙara a cikinsa.

Ni dai gishiri mai aidin nake so, kuma shi nake ba kowa shawara ya saya. Jikin baligi yana buƙatar maikrogiram 150 na sinadarin aidin kullum (maikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai juna biyu kuwa 250, domin ƙarancinsa yana jawo maƙoƙo, yana kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi sahu a 1924, kuma maƙoƙo ya ragu ƙwarai a yankunan da ya addaba. A karanta jikin leda don ganin nau'in aidin ɗin da aka zuba: gishirin da aka haɗa da potasiyam aidet ya fi wanda aka haɗa da potasiyam aidayid jure zafi da laima, don haka shi ya fi daɗewa da amfaninsa.

Jan gishirin Himalaya da ake haƙowa a Khewra ta Pakistan, launinsa daga ɗan ƙarfe ne kawai, ba ya da wani aidin na a zo a gani. Gishirin teku ma ba ya da aidin sosai. Mai rangwamen sodiyam kuwa, an cakuɗa shi da potasiyam kulorayid, kuma mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita.

Babban abin tsoro shi ne algus. Na taɓa sayen leda mai rubutun aidin ɓaro-ɓaro, da na jiƙa cokali guda a ruwa sai ga yashi ya kwanta, wato ɗanyen gishiri ne aka sauya wa mazubi. Gishirin kirki yana narkewa tas. A guji ledar da ba ta da sunan kamfani da ranar sarrafawa, da wadda gishirinta ya jiƙe ya dunƙule, da wanda ake aunawa a buɗe cikin rana, domin aidin yana gushewa a hakan. Kada kuma a yarda da kowane farin gari marar shaida, saboda wani sinadari mai suna sodiyam naitirayit yana kama da gishiri a ido da baki, alhali giram kaɗan nasa yana hana jini ɗaukar iskar oksijin har ya yi kisa.