Hattara da "Dakta" Mai Ɗaura Wayar Haƙori a Shagon Ƙunshi

Assalamu alaikum jama'a. Na yi kwanaki ina juya maganar nan a raina, domin yarinyar da abin ya faru da ita ba ta so a ji. Sai da ta ce, "Goggo, ki rubuta, amma don Allah kar ki kama sunana," sannan na zauna. Ita ma matar da ta yi aika-aikar ba zan kama sunanta ba. Ba wata alfarma gare ta a wurina ba, sunan ne ba zai amfane ku da komai ba, don tun da abin ya faru sau biyu tana canza wa shafinta suna. Salon aikinta za ku riƙe, shi ne ba ta iya canzawa.

'Yar yayana ce, shekararta 22, an sa ranar bikinta wata biyar. Haƙoranta biyu na sama sun ɗan turo gaba, fiƙa ɗaya kuma ta hau kan na kusa da ita. Mu da muka rene ta har mun daina gani, amma kun san amarya da madubi. Sai ta ci karo da wani shafi a Instagram, hotunan 'yan mata reras suna murmushi da waya a baki, robobin ruwan hoda da shuɗi. An rubuta za a daidaita haƙori cikin wata uku, babu zafi, babu cirewa, akwai ragi ga amare. Mai shafin tana sanye da farar riga da takunkumi, kowa yana kiran ta Dakta. Naira dubu 90 ta karɓa, gaba ɗaya, kafin ta taɓa bakin. Daga kuɗin gyaran jiki yarinyar ta cire, ba ta gaya wa kowa ba sai da muka gan ta da ƙarfe a baki.

Ni kaina, in faɗi gaskiya, ban tambayi komai ba. Na ga waya, na ɗauka asibiti ta je. Har ce mata na yi ta yi kyau.

Makon farko ta yi kukan zafi, matar ta ce alamar yana aiki ne, ta sha farasitamol. Duk bayan mako biyu sai ta koma a ƙara ɗaurewa, wai don a cim ma ranar biki. A wata na uku na lura ta daina gatsa komai da haƙoran gaba. Ko burodi sai ta gutsuttsura da hannu ta tura gefe. Tana magana tana kare baki da gefen mayafi. Ranar da na ritsa ta a ɗaki na ce buɗe in gani, warin ne ya fara tarbata. Dasashin ya kumbura ya yi ja har ya fara hawa kan ƙarafan, da ta taɓa da yatsa sai jini. Haƙori ɗaya na gaba ya sauya launi, ya yi toka-toka. Abin da ya fi ba ni takaici, haƙoran da ta je a mayar mata baya sun ƙara turowa gaba, har leɓenta ba ya rufuwa sai ta yi da gangan.

Washegari muka je wurin wani likitan haƙori da ke kusa da mu, wanda yake cike mana rami yana wanke mana haƙora shekara da shekaru. Ya duba, ya ɗauki hoton ƙashi, ya yi shiru. Sannan ya ce, "Hajiya, wa ya sa mata wannan?" Na nuna masa shafin a waya. Bai ce komai a kai ba, sai ya zare wayar ƙarfen, ya wanke dasashin, ya rubuta magani. Daga nan ya faɗi maganar da ta sa nake wannan rubutu: "Gobarar da ke ci yanzu ita zan iya kashewa. Mayar da haƙoran nan inda ya kamata kuwa ba aikina ba ne, sai kun ga ƙwararre." Ya rubuta mana takarda zuwa asibitin koyarwa.

Ku dubi wannan. Mutumin da ya yi shekara shida a jami'a yana karatun haƙori, ya yi shekarar horo a asibiti, yake da lasisi, ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ita kuwa mai zana lalle ta ce wata uku ya ishe ta.

A asibitin koyarwar ne aka zauna aka fahimtar da ni abin da ban sani ba, kuma na tabbata da yawanmu ba mu sani ba. Haƙori ba kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu 'yan zaruruwa da suke riƙe da shi. Idan aka matsa shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yakan narke kaɗan-kaɗan, sabon ƙashi kuma ya tsiro a bayansa ya cike gurbin. Jiki ne ke wannan aikin, wayar tura shi kawai take yi, kuma jiki ba ya gaggawa: wajen milimita ɗaya a wata. Shi ya sa gyara na gaskiya yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu, wani har uku, ana komawa duk mako huɗu zuwa takwas, bayan an cire kuma a ba ka abin riƙe haƙoran don kada su koma gidan jiya. Idan aka matsa da ƙarfin da ya wuce kima, jinin da ke shiga cikin haƙorin yana iya yankewa, jijiyar ta mutu. Shi ne launin tokar nan da na gani. Saiwar ma tana iya gajarcewa, kuma abin da ya narke daga saiwa ba ya dawowa. Turowar da haƙoran suka ƙara yi ita ma tana da dalili. Bakinta a cunkushe yake, babu fili. Wanda ya san aiki sai ya auna ya samar da gurbi tukuna, wani lokaci da cire haƙori, wani lokaci ta wata hanya. Ita kuwa ta ɗaura waya ta ja, haƙoran ba su da wajen zuwa sai gaba.

To ga inda 'yan damfarar nan suke samun ƙofa. Mu a wurinmu duk wanda ya sa farar riga ya leƙa baki likita ne, alhali hawa-hawa ne. Akwai likitan haƙori na gama-gari, mai rajista da Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa. Akwai ƙwararren likitan daidaita haƙora, wanda shi ma likitan haƙori ne tun farko, sannan ya ƙara wasu shekaru biyar ko fiye yana horo a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Sannan akwai ma'aikatan da ke wanke haƙora da masu ƙera haƙoran roba a ɗakin aiki. Sana'a ce halastacciya, kowacce da hukumarta, amma ba su ne ke yanke hukuncin a motsa haƙori ba. Likitan gama-gari yana iya yin gyara mai sauƙi idan ya samu horo a kai, ba laifi ba ne, kuma ƙwararrun ba su da yawa, musamman a nan Arewa. Amma na kirki a cikinsu shi ne irin namu, wanda ya san iyakarsa ya tura ka gaba. Idan akwai cunkoso sosai, ko muƙamuƙin sama da na ƙasa ba sa haɗuwa daidai, ko yaro ne da ƙashinsa ke girma, ni dai yanzu ba zan yarda da kowa ba sai ƙwararre. Kuma ko mai lasisin ne, idan ya kira kansa ƙwararre, ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi inda ya yi horon.

Ban haƙura ba sai da na je shagon da kaina. Saman bene ne a wata filaza. Gaba ana zana lalle ana murza dilka, bayan labule kuma ga "asibitin": kujerar wanke kai, fitilar nan mai zobe ta masu ɗaukar bidiyo, da 'yan filaya guda uku a tsaye cikin kofin roba da ɗan ruwa a ƙasa. Babu na'urar dafa kayan aiki ta kashe ƙwayoyin cuta, babu na'urar hoto. Filayar da ta shiga bakin wata da jini ita za ta shiga bakin wata, ga ciwon hanta da ke bin jini ya yi mana yawa a ƙasar nan. Sai da muka yi wa yarinyar gwaji daga baya, Allah ya tsare.

Na ce mata, "Baiwar Allah, ina lasisinki?" Ta nuna min wata takarda a bango cikin firam mai ruwan zinare, shaidar halartar kwas na 'yan kwanaki. Ta ce, "Haba Hajiya, ai duk abu ɗaya ne, kayan da suke amfani da su a asibiti su nake sarowa. Su dai tsada suke sa wa abin. 'Yarki ce ba ta wanke baki yadda na ce." Na ce hoton ƙashin da kika ɗauka kafin ki fara fa? Ta ce idonta ya saba. Kafin in sauko daga benen ta toshe lambata da ta yarinyar. Rasit babu, kuma asusun da aka tura kuɗin ba sunanta ne a kai ba.

Maganarta ɗaya gaskiya ce, kayan ana sayar da su a intanet ga duk mai so, da arha. Amma ai ba ƙarfen ake biya a asibiti ba. Ana biyan wanda zai duba ko akwai ruɓa ko ciwon dasashi a fara magance shi, ya ga tsawon saiwa a hoto, ya ɗauki awon bakin, ya san wane haƙori zai motsa zuwa ina da wane ƙarfi, kuma ka same shi a wurin bayan shekara biyu. Duk wanda ya ɗaura maka waya a ranar da ya fara ganinka, ba hoto ba awo, ya yanka maka ranar gamawa, ya karɓi kuɗinsa duka, to ka san ba ya shirin sake ganinka ne in abu ya ɓaci.

Kuma cutar ba irin guda ba ce. Akwai masu sayar da wayar ado, wadda ba gyara take ba, gayu ne kawai, ana manna ta da gam. Ita ma tana motsa haƙori ba bisa tsari ba, tana tara datti. A Tailan hukuma ta haramta sayar da ita tun 2006 saboda yadda matasa suka rungume ta. Akwai masu koya wa yara a TikTok su zagaye haƙora biyu da ƙaramar roba don su rufe wushirya. Robar takan sulale ta shige ƙarƙashin dasashi ba a gani, ta bi saiwa tana cinye abin da ke riƙe da haƙorin har ya faɗo. (Abin mamaki, wushiryar da iyayenmu ke yi wa kirari, har wasu na zuwa a fiƙe musu haƙori don su samu, yau ita ake kashe kai a rufe.) Sai kuma masu cewa ka turo hoton bakinka ta WhatsApp su aiko maka da robar daidaita haƙora mai haske da ake sawa a cire. Wannan ko a Amurka an gwada shi da babban jari: kamfanin SmileDirectClub ya yi shekaru yana aika wa mutane irin robar ta gidan waya ba tare da sun zauna gaban likita ba, ƙungiyoyin likitoci na ta kuka, har ya durƙushe ya rufe a Disambar 2023, ya bar masu tsakiyar magani ba mai duba su. Kamfanin da hannun jarinsa ke kasuwa ke nan, balle mai lambar waya ɗaya da shafin da ake iya gogewa cikin minti guda.

Wanda ke son gyara, ya fara da likitan haƙori mai rajista ya duba lafiyar bakin, ya nemi a tura shi gaba in da buƙata. A Kano akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, kuma sauran asibitocin koyarwa da manyan asibitocin tarayya suna da nasu. Akwai layi, akwai jira, kuɗin kuma ya fi dubu 90 nesa ba kusa ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma ana iya tambaya ko za a biya kashi-kashi. A asibiti mai zaman kansa, ku nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa ta MDCN da lasisin bana, ku karɓi rasit mai sunan asibitin. Wanda ya ga irin shagon nan a Kano kuma, akwai hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu. Can ya kamata a kai maganar, da hotuna da shaidar tura kuɗi. Mu mun kai tamu.

Ita yarinyar, an cire matacciyar jijiyar haƙorin nan an cike shi, an ce a bar bakin ya huta wasu watanni kafin a ga ko za a fara gyaran daga farko. Abin da muka kashe zuwa yanzu ya ninka abin da ta biya matar. An yi biki lafiya, sai dai duk hotunan bakinta a rufe yake. Shekaranjiya ta turo min hoton wani sabon shafi, sabon suna, labulen nan dai da kujerar wanke kai, an rubuta akwai ragi ga ɗalibai.