Yawon Teku: Jirgi Mai Rahusa ko Mai Tsada?

Basakkwacen da ke son yawon shaƙatawa a teku sai ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III zuwa Abuja, sannan ya nufi tashar ruwa irin ta Barcelona da bizar Turai. A farashi mafi sauƙi, jiragen ruwan kamfanonin MSC da Costa suna ba shi abinci da ɗan ƙuntataccen ɗaki marar taga, amma intanet da lemo da zagayen garuruwan da ake yada zango duk daban ake biya. Jiragen Silversea kuwa sun haɗa yawancin waɗannan cikin farashi mai nauyi. A ganina mai rahusar ya wadatar, muddin mutum ya tabbatar da samun abincin halal kafin ya biya.